A buɗe taga kullum ko a hunturu? Muhawara a zauren dangi

Auta (Jamus): Assalamu alaikum jama'ar gida. Na ga hoton falon Yaya, an manna leda a tagogi da salatif, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Yaya, ka yi haƙuri, abin ya tayar min da hankali. Ɗakin da mutane ke kwana a ciki dole ne a buɗe shi kullum iska ta ratsa, komai sanyi. Nan Hambug yanzu ruwa ƙanƙara yake zama a waje, amma safe da dare sai na wangale tagogi na minti biyar. Har a takardar hayata an rubuta shi a matsayin sharaɗi. Lokacin korona ma, a 2020, hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta ba makarantu shawarar su riƙa buɗe tagogin aji duk bayan minti 20, na minti 3 zuwa 5, a tsakiyar sanyi.

Yaya Babba (Kano): Wa alaikumus salam. Kai Auta, yaushe rabonka da hunturun Kano? Iskar da kake shigarwa a can wankakkiya ce. Tamu ƙasa ce ke tafiya a sama. Shekaranjiya daga ƙofar gida ba a hango hasumiyar masallacin unguwa. Da safe a goge talabijin, kafin azahar yara sun rubuta sunansu a jiki da yatsa, alhali tagogin a rufe suke. In na wangale, me zan shigo da shi?

Maman Biyu (Kaduna): Allah ya saka da alheri, Yaya. Ni wannan magana ta shafe ni kai tsaye. Duk ranar da hazo ya sauka, Hassan ba ya barci. In ka sa kunne a ƙirjinsa sai ka ji yana fito kamar an hura ƙaramin usur, haƙarƙarinsa na lotsawa, ni kuma ina zaune riƙe da abin shaƙa har asuba. Likitansa cewa ya yi a rage masa haɗuwa da ƙura. Auta, ɗan naka kake so in buɗe wa taga?

Malam (Zariya): Kafin a yi nisa, a tambayi Auta dalilin da ya sa Jamusawa ke yin haka. Danshi ne. Gidajensu a toshe suke ruf don kada zafin hita ya tsere, ga tururin wanka da girki da numfashi da shanyar kaya a cikin ɗaki. Ruwan sai ya kwanta a bango mai sanyi, fumfuna ta fito baƙi ƙirin, mai gida ya ce ɗan haya ne ya jawo. Mu kuwa a hunturu danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓe na fashewa, yara na haɓo, wanki ya bushe kafin a gama shanya. Fumfuna a wajenmu matsalar damina ce. Ita kuma ƙurar nan, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, kuma lallausa ce ƙwarai, tana wuce gashin hanci ta isa can cikin huhu. Don haka dalilin Jamus bai hau kanmu ba.

Auta (Jamus): Malam, danshi ɗaya ne daga cikin dalilan. Akwai numfashin da muke fitarwa. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa in mun numfasa, kusan 420 cikin miliyan. Tun 1858 wani likitan birnin Munik, Max von Pettenkofer, ya ce in ta haura 1,000 a ɗaki, iskar ta gurɓata. Mutum biyu a rufaffen ɗaki suna wuce wannan kafin gari ya waye. Mu da ake kwana shida, bakwai a ɗaki guda fa? Nauyin kan da ake tashi da shi da safe, ana cewa sanyi ne, wani lokacin iskar ɗakin ce.

Gwaggo (Damagaram): 'Ya'yana, sannunku. Jikata ke rubuta mini. Mu mun tashi mun tarar ana rufe ɗaki a ɗari, a sa garwashi a kasko, a bar shi a waje har hayaƙin ya ƙare sarai sannan a shigo da shi. Haka uwata ta yi mana, haka na yi wa iyayenku. Yanzu ma akwai mai jego a gidan nan, jaririn kwanansa tara, kuma sanyin bana na shiga ƙashi. Wa zai buɗe wa ɗanyen goyo taga, sanyi ya kama masa haƙarƙari?

Anti Nas (Gusau): Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ya raya mana jariri. Ina karanta muhawarar ban sa baki ba, amma da kuka ambaci kasko dole in yi magana, don wannan ya fi maganar ƙura da danshi nauyi nesa ba kusa ba.

Hayaƙin da ake jira ya ƙare ba shi ne mai kisa ba. Garwashin da ya yi ja zur, ba hayaƙi ko kaɗan, yana ci gaba da fitar da wata iska, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashi mai barci. In ta shiga jini tana kama shi fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagaye jiki ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Daga nan mutum ya so tashi ƙafafu su ƙi. Jariri kuwa ya fi babba saurin numfashi, shi take fara kayarwa.

Wata asuba a hunturu aka kawo mana uwa da yara uku a bayan a-daidaita. Kishiyarta ce ta ji shiru bayan kiran salla, ta tura ƙofa ta ji ta cije da tsummokaran da aka cusa. Uwar tana ganin mutane amma ba ta iya ɗaga hannu, babbar yarinyar ta yi amai a kan tabarma. 'Yan uwa wasu na cewa zazzaɓin cizon sauro ne, wasu na cewa iska ce ta shafe su. Abin gwajin da muke maƙalawa a yatsa ma ya nuna lafiya lau, domin ba ya bambance jinin da wannan guba ta kama da mai oksijin. Sai da muka tambaya aka ce ai da kasko suka kwana. Uku sun farfaɗo da oksijin. Ƙaramin bai tashi ba.

Gwaggo (Damagaram): Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To mu me ya sa bai kashe mu ba?

Kawu Magini (Jos): Yaya, ni zan amsa miki wannan, don sana'ata ce. Ki tuna ɗakin da kuka girma a ciki. Ginin ƙasa ne, ko rufin jinka ko azara, ƙofa asabari ne ko ƙyauren da ake hango haske ta gefensa, ga 'yar taga can sama da ba a rufewa. Ɗakin da kansa yake shan iska dare da rana. Kuma katangar ƙasa mai kauri tana ɗaukar zafin rana ta saki da dare, ba a bukatar wuta da yawa. Yau me muke ginawa? Bulo da siminti, kwano, silin a shafe ba rami, ƙofar ƙarfe, tagar gilashi mai zamewa wadda ko an buɗe ta rabi kawai take bayarwa. Da yawa ma taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon katangar maƙwabci da tazarar taku biyu. Na sha roƙon masu gida su bari in bar 'yan ramukan iska a sama da taga, su ce ƙadangare da ƙura za su shigo. An sauya ginin, ba a sauya kaskon ba.

Nan Jos da sanyi ke sauka digiri 10 ko ƙasa da haka, kusan duk shekara sai an ji labarin irin wannan, in ba gawayi ba to janareta da aka shigar baranda don tsoron ɓarayi. Guba ɗaya ce. Janareta ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa.

Yaya Babba (Kano): Wannan duk gaskiya ne, kuma ni ba na sa gawayi a ɗaki. Amma ai an bar asalin maganar. Auta cewa ya yi dole a buɗe kullum. Ni ban da wuta a ɗaki, me zai sa in buɗe?

Anti Nas (Gusau): Yaya, ba wuta, amma akwai turaren wutar da ake sawa a gidanka kullum da yamma, akwai risho in gas ya ƙare, akwai maganin sauro na kunnawa. Wani bincike na 2003 ya gano cewa ƙurar hayaƙin da guda ɗaya na maganin sauron nan ke fitarwa ta kai ta taba sigari 75 zuwa 137. Da ledar nan a taga, ina duk wannan zai je? Sannan mutum nawa ke kwana a gidan, har da yaran da ke zuwa hutu? Ƙyanda da tarin fuka a iskar ɗaki suke ratayewa, mai cutar ya fita su tsaya suna jiran na gaba. A birnin Lima na ƙasar Peru an auna wannan a asibitoci, a wani bincike da aka wallafa a 2007, aka ga buɗe tagogi da ƙofofi kawai yana sauya iskar ɗaki fiye da ninki biyu na abin da injinan tsotse iska masu tsada ke yi.

Malam (Zariya): To in maganar cututtuka ce, ai sanƙarau hujjata ce, ba taki ba. Yankin da yake addaba, daga Senegal zuwa Habasha, shi ne yankin hunturu, kuma lokacinsa lokacin ƙura da bushewar iska ne, saboda suna ƙuje maƙogwaro ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini. A 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Da damina ta sauka cutar take lafawa. In ƙura ce mai buɗe mata ƙofa, rufe taga kariya ce.

Anti Nas (Gusau): Malam, ƙura na ƙuje maƙogwaro, haka ne. Amma ƙwayar cutar ba daga Chadi take zuwa ba, daga maƙogwaron na kusa da kai take zuwa, ta tari da atishawa da kwana kai da kai. Ina nan aka yi na 2017 da ya fara daga Zamfara, wanda ya ci rai sama da 1,100. Abin da muka yi ta faɗa wa mutane gida gida shi ne allurar rigakafi, rage cunkoso a ɗakin kwana, da barin iska ta shiga. Kai kanka ajinka ɗalibi nawa ne? Kana rufe musu tagogi duka?

Malam (Zariya): Sun haura 80. Ba na rufewa duka, ba zai zaunu ba. Na ɓangaren da iska ke bugowa nake rufewa.

Kawu Magini (Jos): To ka faɗi abin da zan faɗa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa. Yaya Babba, bar ledarka a tagar da ke wannan ɓangare, ba laifi. Cire ta kudu ko ta yamma, ka sa mata raga da labule mai kauri. Kuma ba wanda ya ce ka buɗe da asuba ko da magariba, lokacin da hayaƙin girki da ƙona shara ke kwance a unguwa. Jira hantsi. Me ke fitar da mutane gindin katanga shan rana da safe? Ai waje ya fi ɗakin ɗumi ne. A wannan lokacin in ka buɗe taga da ƙofar tsakar gida tare, minti goma ko sha biyar, ba ɗumin da ka yi asara.

Auta (Jamus): Kawu, shi ke nan abin da nake nufi. A wangale na ɗan lokaci ta ɓangare biyu ya fi a bar 'yar kafa yini guda.

Maman Biyu (Kaduna): A'a Auta, kai kullum ka ce, kuma a nan muka rabu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da gari ya yi fari fat, ɗakin Hassan a rufe zai yini, in goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, in ajiye turaren wuta gaba ɗaya. In hazo ya ɗaga, rana ta fito sosai, sai in buɗe yana makaranta. Wani lokacin kwana uku ne a jere ban buɗe ba.

Anti Nas (Gusau): A kan Hassan ina bayanki, muddin ba a kunna komai a ɗakin kuma ba a cika shi da mutane ba.

Yaya Babba (Kano): Ta yamma zan cire. Ta gabas tana nan sai Maris. Ranar hazo kuma ni ma ba zan buɗe ba, Auta ya ji da kyau.

Gwaggo (Damagaram): Ku duk kun sasanta, ni ba ku ba ni amsa ba. In an fitar da kasko, da me jaririn zai ji ɗumi? In an ɗan buɗe taga kaɗan a bar kaskon fa?

Anti Nas (Gusau): Gwaggo, don Allah kada a yi haka. 'Yar kafa ba ta isa a dogara da ita ba, iska na iya kwantawa cikin dare. Ba a kwana da garwashi a ɗaki, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. A sa wa jaririn hula da safa, don ta kai yake saurin rasa zafi. Uwar ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, a lulluɓe su da zane da bargo fuskarsa a buɗe, haka muke yi wa bakwaini ma a asibiti. A ɗaga shimfiɗa daga kan siminti. Ciwon haƙarƙarin da kuke tsoro ƙwayoyin cuta ke kawo shi, kuma hayaƙi a ɗaki na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa yara shi. In an ga yana numfashi da sauri ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar. Ku sa jikarku ta turo min lambar mai jegon ta akwatina, zan kira ta bayan magariba in yi mata bayani da bakina, kafin a hura gawayin daren yau.