Tocilata sai na bubbuga take kamawa, da me ake wanke makunni?

Maigadin Layi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tocilata ta ƙarfe ce, mai manyan batir biyu. Tun shigowar hunturu sai na bubbuga ta a tafin hannu take kamawa, in ta kama ma hasken rawa yake yi. Batir sabo ne. Da ita nake zagaye da dare, ku taimaka.

Ɗan Tasha: Wa alaikumus salam Baba. Sanfefa kawai, ka goge sifirin ɗin ya yi fari fes.

Mai Rediyo: Ɗan Tasha, bar maganar sanfefan nan tukuna. Baba, kafin ka wanke komai, kwance murfin gindin, ka tura makunni kamar za ka kunna, sannan ka sa mukulli ka haɗa gindin batir da bakin jikin tocilar, inda babu fenti. In ta kama tar, makunninka lafiya lau, datti na kan sifirin da zaren murfi. In har yanzu tana rawa, sai mu koma kan makunnin.

Alhaji Mai Kiwo: Ina roƙonka da Allah, Malam Maigadi, kada ka bari a kankare maka ita. Tocilar da mahaifina ya zo da ita daga Makka, da ita nake leƙa garke, irin wannan ciwon ta fara. Na kai wa wani yaro mai gyara a bakin kasuwa. Ina tsaye ya zaro tsinin wuƙa ya kankare harshen makunnin, ya bi da sanfefa har jan ƙarfen ciki ya fito, ya ɗiga fetur wai ya wanke. A wurin ta haska kamar sabuwa, na biya na yi godiya. Da damina ta sauka, duk inda ya kankare ya yi kore, sifirin ya yi tsatsa, robar makunnin kuma fetur ya cinye ta, in ka tura sai ta maƙale. Ashe farin da ke kan ƙarfen nan shafe ne aka yi masa don kare shi daga tsatsa, shi kuma ya goge shi tas. Na zagaya neman irin makunnin ban samu ba. Tana nan cikin akwati, na kasa jefarwa.

Hajiya Babba: Allah ya jiƙan Baba. Abin gado ba a kai wa kowa.

Ɗan Tasha: Amin. Amma Alhaji ai fetur ne ya kashe taka, ba sanfefa ba.

Mai Rediyo: Su biyun ne. Shafen nikel ne, siriri ƙwarai. Ga abin da nake yi a shago: auduga a kan tsinke, a tsoma a sipirit na kemis, a goge sifirin, kan batir da zaren murfi har audugar ta daina baƙi. In akwai dusashewa, a bi da abin goge fensir na 'yan makaranta. Makunni kuwa a ɗiga masa sipirit kaɗan, a yi ta turawa ana dawowa babu batir a ciki, a bar shi ya bushe. Kowane batir bolt 1.5 ne, biyu 3 ke nan, wutar ba ta da ƙarfin ratsa datti, shi ya sa ƙurar hunturu kaɗan ke sa haske rawa.

Maman Biyu: Malam, tawa farin gari ne ya cika cikinta kamar gishiri.

Mai Rediyo: Batir ne ya zubo, Maman Biyu. In mai rubutun alkaline ne, ruwan lemon tsami a auduga, za ki ga yana kumfa. In batir mai arha ne da ya jiƙe ya ruɓe, shi tsami ne da shi, sai bekin soda ko jiƙaƙƙiyar kanwa. Bayan nan sipirit, a shanya. Kada garin ya shiga ido, ki wanke hannu.

Hajiya Babba: Yanzu kanwar miyar kukar tamu ma kun biyo ta?

Ɗan Tasha: Hajiya a sammana ta ungurnu, mu 'yan gyara ne yanzu.

Injiniya: Ni WD-40 nake fesawa.

Mai Rediyo: Na kwance ƙusa mai tsatsa ne, Injiniya. Maiƙon da yake bari ƙura yake tarawa a makunni. Basilin ma ɗan kaɗan a zaren murfi kawai.

Injiniya: Shekara nawa ina yi ban ga komai ba. Kuma wai har yanzu batir kuke saye? Ku nemi mai caji, mai batir 18650.

Maman Biyu: A ina za mu yi cajin? Unguwarmu tun da taransifoma ta ƙone ba mu ga wuta ba.

Injiniya: Akwai mai sola.

Alhaji Mai Kiwo: Ita ma mai solar makunni gare ta, Injiniya. Ni dai wanda zai ajiye tocila ya daɗe bai kunna ba, ya zare batir ya ajiye daban.

Ɗan Tasha: Takardar gwangwani ta kwalin sigari fa, in batir na lilo a ciki?

Mai Rediyo: Ja sifirin kaɗan da yatsa ya miƙe, ya fi.

Maman Biyu: Malam, lemon tsamin nan zai yi a rimot ɗin fanka? Shi ma ya yi farin garin.