Shin tantance HTML ya isa makaho ya iya amfani da shafin intanet?

Malam Sani: Ni dai ina nan a kan bakana. Duk wanda ya gina shafi, ya fara shigar da shi manhajar tantancewa ta W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gina shafukan intanet, domin shafin da HTML ɗinsa, wato rubutun alamomin da ake gina shafi da shi, ya fita babu kuskure shi ne makaho zai bi da manhajar karanta allo ba tare da tuntuɓe ba. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008 ma, waɗanda W3C ta tsara don sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafuka, sun sharɗanta tsabtar rubutun a sashe na 4.1.1.

Hajiya Binta: Malam, ai an soke wannan sashe a WCAG 2.2 da ta fito a watan Oktoba na 2023. Dalili kuwa, HTML5 ta fayyace yadda burauza za ta yi da alamar da aka buɗe ba a rufe ba, su kuma manhajojin karanta allo irin su NVDA da JAWS daga burauzar suke karɓar bayani. Sannan idan ka sa hoton jadawalin tashin jirage, ka rubuta "hoto1" a gurbin alt, wato bayanin hoto da ake karanta wa makaho, manhajar tantancewa za ta ce komai lafiya lau, alhali makaho bai ji ko lokacin tashi ɗaya ba.

Injiniya Musa: Hajiya ta yi gaskiya, amma kada mu yi wa tantancewar kuɗin goro. Idan akwatuna biyu a fom guda suka ɗauki id iri ɗaya, wato sunan da ke bambanta kowane akwati a HTML, alamar label mai ɗauke da sunan da ake karanta wa makaho takan manne wa na farkon, sai makaho ya iso akwatin lambar waya ya ji an ce masa wurin rubutu ne kawai, babu suna. Irin wannan kuskure, wanda ido ba ya gani, manhajar W3C tana kama shi nan take.

Malam Sani: To, ai maganata ke nan, Injiniya.

Hajiya Binta: A'a, Malam, cewa ka yi tantancewa ta wadatar. Manhajar ba ta auna bambancin launin rubutu da na bayansa, wanda WCAG ta ce kada ya gaza 4.5 zuwa 1 a rubutu mai girman da aka saba, ba ta kuma sanin cewa maɓallin da aka gina da div, alamar HTML da ba ta maɓalli ba, ba a isa gare shi da madannin Tab, wanda makaho ke tsallakawa da shi daga wuri zuwa wuri a shafi.

Injiniya Musa: Malam, ka ajiye linzamin kwamfuta gefe, ka kunna NVDA, tunda kyauta ce, ka cike fom ɗin shafinka da allon madannai kaɗai, sannan ka faɗa mana a wane akwati ka maƙale.