Musayar Waƙa Kan Mashigin Wel na Antaktika

Malam Babba:
'Yan'uwa ku matso, ga baiti zan fara,
Kan mashigin da gaɓarsa ba ƙasa, sai ƙanƙara.
A 1841 Ross na Ingila ya doshi kudu,
Jiragensa Erebus da Terror na tafe, sai ga ganuwar ƙanƙara fara,
Ta tare musu gaba, ba ƙofa, ba a haura.
Wa ya raɗa wa gurbin suna? Ku amsa kira.

Ƙanwar Liman:
Malam, Allah ya ƙara sani, bari in ɗora.
A 1902 Scott ya sami 'yar kafa a jikinta,
Ya hau balan-balan mai igiya yana lura.
Janairun 1908 Shackleton ya zo da jirgin Nimrod,
Kafar da aka sani babu ita, ba ko saura.
Bakin ya tsage ya bi ruwa, wuri ya buɗe,
Kifayen wel na feshin ruwa sama da ƙara.
Da su ya sa wa mashigin suna,
Amma ya ƙi kafa bukka a kai, gudun asara.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya, haka ne, amma Amundsen ya fi dabara.
Ya ɗauko bayanin Ross ya gwada da na baya,
Shekara saba'in lanƙwasar na nan ba ta ƙaura,
Ya ce lallai tudu ne a ƙasa ya riƙe ƙanƙara.
Ran 14 ga Janairun 1911 jirginsa Fram ya ɗaura,
Karnuka 116, ga bukkar Framheim an tsara.
Wurin ya fi sansanin Scott kusa da ƙuryar kudun duniya da digiri guda,
Kilomita 110 ke nan aka rage wa masu jan kaya, babbar basira.
Ma'ajin abinci a digiri 80, 81 da 82,
Tutoci gabas da yamma aka jera,
Ko hazo ya kauce da mutum, zai ci karo da ɗaya ya tsira.
Ran 14 ga Disamba su biyar suka taka ƙuryar kudu da nasara.

Malam Babba:
Ɗana, ka yi kyau, abu guda zan gyara.
Tudun tsibirin Roosevelt ne, yana kudu da mashigin,
Byrd na Amurka ya sa masa suna a 1934.
Ƙanƙara na malalowa, ta rabu biyu a jikinsa,
Shi ya sa bakin ke lanƙwasa yana dara-dara.
Framheim kuwa ruwa ne ƙarƙashinta, ba dutse ba.

Ƙanwar Liman:
Ashe tsoron Shackleton ba banza ba, Malam, ka lura.
Oktoban 1987 tsaunin B-9 ya ɓalle,
Tsawonsa kilomita 154, zallar ƙanƙara,
Ya kwashe gaɓar mashigin ya yi teku da ita.