Boris mai allurai na ƙoƙon ƙarfe yana cin shaf: laifin boris ne ko na haɗi?

Mai kula da injinan ɗaure kaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san boris mai allurai (siraran sandunan ƙarfe masu gangarawa), irin wanda bayansa siririn ƙoƙon ƙarfe ne. A wani injin ɗaure kaya da nake kula da shi akwai boris mai lamba HK2520 a cikin gida (wato mazauninsa) na alminiyom, shaf kuma yana juyawa kai tsaye a kan alluran. Tsohon shaf ya lalace, aka sassaƙa mana sabo a kan awonsa, amma tun daga lokacin duk boris ɗin da muka sa ba ya daɗewa: sai ƙara ta taso, idan aka kwance kuma a tarar alluran sun yi wa shaf kwari. Abin da ya ƙara sa ni shakka shi ne na auna bayan sabon boris kafin a saka shi, na ga bai yi da'ira daidai ba. Shin jabu ake sayar mana, ko kuwa akwai abin da ba mu lura da shi ba?

Injiniyan gyara:

Wa alaikumus salam, Malam. Awon da ka yi bai isa ya nuna cewa kayan jabu ne ba, domin haka wannan nau'in yake ko daga wane kamfani ya fito. Ba daga dunƙulen ƙarfe ake sassaƙa ƙoƙon ba; siririn fallen ƙarfe ake dannawa cikin mazubi har ya zurfafa, sannan a gasa shi fatarsa ta yi tauri, kuma a wajen gashin nan yakan ɗan karkace. Sai an matsa shi cikin rami mai da'ira sosai yake samun siffarsa ta gaskiya. Shi ya sa masu ƙera shi ba sa auna shi a sake: zoben gwaji suke tura shi ciki tukuna, sannan su gwada faɗin da ke tsakanin alluran da sandar awo.

Ma'anar wannan ita ce, gidan da ka sa shi tamkar wani ɓangare ne na boris ɗin. HK2520 faɗin cikinsa milimita 25 ne, bayansa 32, tsawonsa 20, wato tsakanin shaf da gida milimita uku da rabi kacal ya ɗauka a kowane gefe, kuma wannan ƙanƙantar ita ce dalilin da ya sa masu zana injina suke son sa. Amma abin da aka rage masa na kauri, gida ne zai biya. Idan gidan na ƙarfe ne ko na ƙarfen zubi, ana son ramin ya kasance a ma'aunin N6 ko N7 (lambobin da ke nuna yawan matsewar rami). Idan na alminiyom ne kamar naka, dole ramin ya fi matsewa, wato R6 ko R7, saboda alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kuma ramin da ya riƙe da sanyi zai iya sakin ƙoƙon idan injin ya ɗau zafi. Ka auna ramin a wurare da dama, ka duba ko ya yi ƙwai ko bakinsa ya fi cikinsa faɗi, musamman tunda an sha cirewa ana sakawa.

Wajen sakawa kuma, guduma ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Da injin matsawa ake tura shi a hankali, da sanda mai kafaɗa wadda ta zauna daidai a kan bakin da aka buga lamba, domin shi ne gefen da ya fi jure matsi.

Mai sassaƙa ƙarfe:

Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sai dai ni a ganina ciwon yana ga shaf, kuma kai da kanka ka faɗi alamar: matsalar ta fara ne bayan an sake shi. An sassaƙa shi a kan awon tsohon, amma an gasa shi? Wannan boris ba shi da zoben ciki, saboda haka fatar shaf ita ce hanyar da alluran suke bi, kuma dole ta kai su tauri. Abin da ake nema shi ne tauri tsakanin 58 da 64 a ma'aunin taurin ƙarfe na HRC, mai zurfin da zai ɗauki nauyin, sannan a wasa shi bayan gashi ya yi santsi sosai, kaurinsa kuma ya kasance a ma'aunin h5 ko h6. Ƙarfen da aka sassaƙa aka sa haka nan bai ko kusa da wannan taurin ba. Allura siririya ce, duk nauyin da ta ɗauka a kan ɗan layi guda take sauke shi, don haka sai ta nutse cikin ƙarfe mai laushi, garin da ya fito ya gauraya da giris, daga nan kuma shi kansa boris ɗin ya ƙare. Ko boris mafi tsada a duniya ka kawo, ƙarshensa ke nan a kan irin wannan shaf.

Idan gasa shaf ɗin zai yi wuya, akwai hanya mai sauƙi wadda na fi so: a rage wurin zaman ya koma milimita 20, a matsa masa zoben ciki na jerin IR mai rami 20 da baya 25, wanda ya zo a gashe kuma a washe daga kamfani. Gobe idan ya ci, zoben kawai za a sauya. Sai dai a tabbata ragewar ba za ta raunana shaf ɗin ba, kuma a ba kafaɗar da aka yanka ɗan lanƙwasa, kada ta zama inda zai tsage.

Mai kula da injinan ɗaure kaya:

Na gode muku ƙwarai. Na tambaya, an tabbatar mini ba a gasa shaf ɗin ba. Tunda za mu sake aikin, wani ya ba ni shawarar mu koma irin wanda aka cika da allurai ba keji (abin da ke raba alluran da juna), wai ya fi ƙarfi. Ya kuke gani?

Injiniyan gyara:

Ya fi ɗaukar nauyi, wannan gaskiya ne, tunda alluransa sun fi yawa, amma ban ba ka shawarar sauyawa ba matuƙar shaf ɗin juyawa yake yi da sauri. Inda babu keji alluran suna gogar juna, suna kuma iya kaucewa daga layi, shi ya sa wannan nau'in ya fi dacewa da wurin da ke juyawa a hankali ko yake kai-komo da nauyi mai yawa. Wannan matsalar ce ta sa Georg Schaeffler na ƙasar Jamus ya fito da kejin da ke yi wa alluran jagora a shekarar 1950, kuma keji yana barin sararin da giris zai zauna. Wanda ya zana injin ya zaɓi HK ne da dalili, kuma tsohon haɗin ya yi aiki da shi kafin a sauya shaf.

Abu biyu zan ƙara. Wannan boris nauyin da ke danna shaf ta gefe kawai yake ɗauka. Idan shaf yana turawa ta tsawonsa, dole a samu wani abin da zai tare shi, kuma ba ya jure karkata tsakanin shaf da gida sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na biyu, injin ɗaure kaya ba ya rabuwa da ƙurar kwali da takarda, don haka ka nemi mai sil (robar da ke tare ƙura) a gefe biyu, wanda lambarsa ke ƙarewa da 2RS, in dai zafin wurin bai wuce digiri 100 na ma'aunin Celsius ba. Wajen saye kuma ka karanta lambar da kyau, domin jerin HF kamarsa ɗaya da HK a ido, amma shi gefe guda kawai yake barin shaf ya juya.