Fakiti na neman libssl1.1 a Ubuntu 22.04, apt kuma ya ƙi motsi

Ɗan_Wudil

Assalamu alaikum. Ina neman taimako. Na sauke wkhtmltox_0.12.6-1.focal_amd64.deb don mayar da shafukan HTML zuwa PDF, na girka da `sudo dpkg -i`. Ya tsaya yana cewa wkhtmltox na buƙatar libssl1.1, xfonts-75dpi da xfonts-base. Yanzu duk abin da na ce apt, manhajar girka fakitoci, ya girka sai ya kawo maganar "Unmet dependencies". Na gwada `sudo apt --fix-broken install`, shi kuma cire fakitin yake so ya yi. Ubuntu 22.04 ne. Ina zan samo libssl1.1?

Malam_Sabo

Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce ta haɗe maka, ɗan'uwa.

Ta farko, dpkg ba ya zuwa rumbu, wato ma'ajiyar fakitocin Ubuntu a intanet, ɗauko komai. Aikinsa ya kwance fakiti ya zuba fayiloli, in ya tarar da abin da babu sai ya bar aikin a rabi. Buga `dpkg -l wkhtmltox` za ka ga iU a farkon layi, wato an kwance amma ba a kammala saiti ba. Muddin akwai fakiti a wannan hali, apt ba zai taɓa wani aiki ba sai an warware shi. Shi ya sa komai ya tsaya maka.

Ta biyu ita ce babba, kuma tana rubuce a jikin sunan fayil ɗin: focal. Wannan laƙabin Ubuntu 20.04 ne. Naka, 22.04, jammy ne, `lsb_release -cs` zai tabbatar maka. A 22.04 an koma OpenSSL 3, laburaren sirrin sadarwa, fakitinsa libssl3, babu libssl1.1 a rumbun jammy kwata-kwata. Duba da `apt-cache policy libssl1.1`, ba za ka ga sigar da za a iya girkawa ba. To tunda apt ya rasa inda zai samo shi, hanya ɗaya ta rage masa ta daidaita lissafi: ya cire mai neman. Ka bar shi ya cire, daidai ya yi.

Sai ka bi haka:

`sudo apt remove wkhtmltox`
`sudo apt update`

Ka koma inda ka sauke na farko ka ɗauko wkhtmltox_0.12.6.1-2.jammy_amd64.deb. Kafin ka girka, leƙa abin da yake nema da `dpkg-deb -f sunan-fayil.deb Depends`. In ka ga libssl3 a ciki, naka ne. Sannan:

`sudo apt install ./wkhtmltox_0.12.6.1-2.jammy_amd64.deb`

Kada ka manta ɗigo da sandar nan na farko. In babu su apt zai ɗauka sunan fakiti ka ba shi, ya tafi rumbu nema ya dawo hannu rabbana. Da su kuwa, shi da kansa zai jawo xfonts-75dpi da sauran. In ya ce bai ga waɗannan ba, buɗe sashen universe da `sudo add-apt-repository universe`.

Hajiya_Linux

Malam Sabo ya gama magana a kan gyara. Abin da zan ƙara gargaɗi ne, don na san da ka bincika intanet za ka ci karo da masu cewa ka ƙara rumbun focal-security a sources.list, fayil ɗin da ke lissafa rumbunan apt, ka jawo libssl1.1 daga can. Yana aiki, gaskiya ne, domin libssl.so.1.1 da libssl.so.3 sunayensu daban, suna iya zama tare ba faɗa. Amma masu OpenSSL sun daina tallafa wa 1.1.1 tun Satumba 2023, tallafin kyauta na Ubuntu 20.04 shi ma ya ƙare a Mayu 2025. Laburaren da ke kula da sirrin sadarwa ne fa, ka ajiye shi ba mai toshe masa ɓaraka. A sabar da ke fuskantar intanet ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Mafi muni shi ne dabarar yin mahaɗi da `ln -s` daga libssl.so.3 a kira shi libssl.so.1.1. Manhajar za ta nemi alamun OPENSSL_1_1_0 ta rasa, ta ƙi tashi. Kuma dpkg ba ya duba fayil ɗin da ke kan faifai, kundinsa yake dubawa, don haka ƙorafin nan zai ci gaba. Haka `dpkg --force-depends`: za a girka, amma apt ya ci gaba da ganin tsarin a karye.

A duk lokacin da ba ka natsu da abin da apt zai yi ba, sa masa -s, kamar `apt -s --fix-broken install`. Zai lissafa abin da zai cire da wanda zai sa ba tare da ya taɓa komai ba. Ka karanta jerin na cirewa da kyau kafin ka sake buga shi ba tare da -s ba ka danna Y.

Ɗan_Wudil

Allah ya saka da alheri, ya girku. Sai dai a ƙarshe ya rubuto wani abu mai "unsandboxed as root" da _apt. Kuma me zai hana in yi `sudo apt install wkhtmltopdf` kawai tun farko?

Malam_Sabo

Wancan saƙon sanarwa ce kawai. Apt yana da ƙaramin asusu mai suna _apt da yake saukar da kaya da shi, kuma a 22.04 ba shi da izinin shiga babban fayil ɗinka na gida, sai ya karanta a matsayin root, asusun da ke da cikakken iko. In yana damunka, kwafe fayil ɗin zuwa /tmp ka girka daga can.

Na rumbun Ubuntu kuwa yana girkuwa lafiya, amma an gina shi da Qt, laburaren da yake tsara shafuka da shi, na gama-gari, ba wanda aka yi wa kwaskwarima ba, don haka rubutun saman shafi da na ƙasa ba sa fitowa. In rasit ko rahoto mai lambar shafi za ka buga, wanda ka sa yanzu ne ya dace. Buga `wkhtmltopdf --version`, in ka ga "with patched qt" a ƙarshen layi, shi ne.