Zuba bayanai masu yawa cikin Access yana cinye mana yini: ina mafita?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ina riƙe wa wani dillalin atamfa da shadda lissafi a Kantin Kwari, kuma muna so mu kwashe tarihin cinikinsa daga fayilolin CSV (fayilolin rubutu zalla da ke jera bayanai layi-layi) zuwa rumbun bayanai na Microsoft Access, domin Excel ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576 a shafi guda, mu kuwa mun kusa cika shi. Manhajar da aka rubuta mana da VBA, harshen shirye-shirye na cikin Access, tana karanta layi ɗaya ta zuba, sannan ta koma ta ɗauko na gaba. Idan na tayar da ita da hantsi, har la'asar ba ta gamawa. Rumbun yana kan kwamfutar ofis, ni kuma ina shiga daga laftof ta wayarles. Ko akwai dabarar rage wannan jira?

Injiniyan Titin Zoo:
Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ba na Access ba ne, na tsarin zubin ne, domin abin da manhajarku ke yi daidai yake da ɗan dako ya riƙa ɗaukar turmin atamfa ɗai-ɗai alhali ga dila a ɗaure. Ka fara da kwafo rumbun zuwa faifan laftof ɗinka, zai fi kyau idan SSD ne, wato faifai mai sauri, saboda kowane rubutu da ya bi ta wayarles sai ya jira amsa kafin na gaba ya tafi. Daga nan ka haɗa fayil ɗin CSV da Access a matsayin teburi, ka zuba komai da umarnin INSERT INTO ... SELECT guda ɗaya, wanda ke kwafe dukkan layukan lokaci guda.

Abin da aka fi mantawa shi ne fihirisa (index), wato jerin da Access ke ajiyewa don saurin nemo bayani. Duk layin da ya shiga, sai Access ya gyara kowace fihirisa da ke kan teburin, ya kuma duba alaƙarsa da sauran tebura, kuma aikin yana ƙara nauyi yayin da teburin ke girma. Saboda haka ka zuba cikin teburi na wucin gadi wanda ba shi da fihirisa ko ɗaya, ka tace maimaici a can, sannan ka gina fihirisar bayan an gama.

Akanta daga Fagge:
Na yarda da Injiniya, sai dai sauri ba zai amfane ka ba idan bayanan suka shiga a gurguje. Access yana duba layukan farko ne kawai ya yanke hukunci kan nau'in kowane ginshiƙi, don haka zai iya ɗaukar lambar wayar kwastoma a matsayin adadi, sifilin farko na 080 ya ɓace. Ka sa ginshiƙin ya zama rubutu. Ka kuma gaya wa Access cewa rana ce ke gaba da wata a kwanan watanku, in ba haka ba 03/04 na iya komawa 4 ga Maris. Idan akwai ƙ, ɗ ko ɓ a sunayen mutane, ka zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 tun wajen haɗa fayil ɗin.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar ana tsakiyar zubi fa?

Injiniyan Titin Zoo:
Wannan ma dalili ne na yin aikin a laftof mai batir, kuma ka ajiye kwafin rumbun kafin ka fara, domin yankewar rubutu na iya lalata fayil ɗin gaba ɗaya. Idan dole ka ci gaba da VBA, ka kasa layukan gungu-gungu tsakanin BeginTrans da CommitTrans, umarnin da ke buɗe gungu da wanda ke adana shi gaba ɗaya. Gungun da ya yi girma da yawa yana iya cin karo da iyakar makullai 9,500 da Access ke zuwa da ita, wato kullen da yake yi wa bayanai yayin rubutu. Bayan ka goge teburin wucin gadin, ka yi Compact and Repair, wato matse fayil ɗin da gyara shi, domin Access ba ya sakin gurbin da kansa, kuma fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2. Idan bayan matsewa kun haura rabin wannan, ku fara shirin mayar da teburan kan SQL Server Express, wata manhajar rumbun bayanai ta Microsoft da ta fi ɗaukar kaya, ku bar Access yana riƙe da fom da rahoto kawai.