"An bar jaki ana dukan taiki": wane ne jakin a rusau ɗin lungunan Hamburg?

Mai Alli: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: an bar jaki ana dukan taiki. Na ga ana jefa ta ko'ina, shi ya sa nake so mu auna ta a kan wani tsohon al'amari mu ga ko za ta zauna. A birnin Hamburg na Jamus an yi wasu unguwannin talakawa da ake kira Gängeviertel. Gidaje ne na katako da bulo, hawa kan hawa, an cusa su a bayan manyan gidajen bakin titi, a filin da a da tsakar gida ne ko lambu. Wasu lungunan ko amalanke ba ta shiga, wasu kuwa rana ba ta taɓa ƙasansu. A watan Agustan 1892 kwalara ta ɓarke, kusan mutum 17,000 suka kamu, sama da 8,600 suka mutu. Sanadin ruwan famfo ne, domin daga kogin Elbe ake jawo shi a tura wa gidaje ba a tace ba. Amma abin da ya biyo baya, har tsawon shekara arba'in, shi ne rushe lungunan nan unguwa bayan unguwa. Ni a wurina an bar jaki an daki taiki. Me kuka gani?

Baba Mai Carbi: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu tafi Jamus mu fara daidaita maganar a gida. Taiki babbar jakar fata ce da ake ɗora wa dabba. Jaki ya yi gardama a hanya, mai shi ya ɗaga sanda, sai ya sauke ta a kan kayan. Yaran yanzu suna amfani da ita ga duk wanda ya yi kuskuren gane mai laifi, kuma ba haka ba ne. Mai dukan taiki bai ruɗe ba. Ya san sarai wanda ya yi laifin. Ko dai yana tsoron harbi, ko jakin na aro ne, ko gobe ma yana da bukatarsa. Saboda haka sharaɗina ɗaya ne: ka nuna mini cewa hukumar birnin ta san ruwan ne, ta kau da kai. In ba ta sani ba, jahilci ne, wannan kuma karin maganarsa daban.

Hajiyar Asibiti: Baba, ina wuni. Ni ko da sharaɗin naka an cika, ban yarda ta zauna ba, domin an daki jakin. Matatar ruwa ta yashi da aka gina a tsibirin Kaltehofe ta fara aiki a 1893, shekara guda bayan annobar. An kafa cibiyar binciken tsafta, an naɗa likitan tashar jiragen ruwa, an gina wurin ƙona shara a 1896. To ina jakin da aka bari?

Sannan don Allah a daina wanke lungunan nan. Gidaje da yawa ke haɗa masai ɗaya a tsakar gida. Akwai masu kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ruwa ke cikawa in kogi ya yi toroƙo. Iyali na ɗaki ɗaya, kuma su ɗauki baƙon da zai biya kuɗin gado don a haɗa kuɗin haya. Tarin fuka ba ya jiran ruwan famfo a irin wannan wuri. Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar cutar kwalara, da aka turo shi daga Berlin ya zaga lungunan, cewa ya yi ya manta a Turai yake. Maganar akwai raini a ciki ga sauran duniya, ban musa ba, amma dai likita ne ya ga abin da ya firgita shi.

Ɗan Dako: Hajiya, da girmanki, kin ɗauko labarin daga ƙarshe. Matatar da kike faɗa shekara da shekaru ana jayayya a kanta, a kan wanda zai biya, attajiran majalisar birni da masu gidajen haya kowa na noƙewa. Sai gab da annobar aka soma ginin. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, mutane na buɗe famfo su ga tsutsa da 'ya'yan kifi. A daidai shekarun nan kuwa an sami kuɗin gina katafaren zauren majalisa, wanda aka fara a 1886.

Ga hujjar da Baba ya nema. Altona gari ne da ke manne da Hamburg, titi ɗaya ke raba su a wasu wuraren, amma a lokacin yana ƙarƙashin mulkin masarautar Prussia, ba na hukumar Hamburg ba. Tun 1859 yake tace ruwansa da yashi. Kuma ku lura, Altona na ƙasan kogi, wato ruwan da Hamburg ta riga ta zuba wa ƙazantarta shi suke ɗiba. Duk da haka mutuwar da aka yi can kaɗan ce in aka gwada. Har akwai wani rukunin gidajen talakawa a ɓangaren Hamburg da bututun Altona ke ba su ruwa, cutar ta tsallake su. Cunkoso iri ɗaya, talauci iri ɗaya, ruwa daban. Maƙwabcinka ya shekara talatin yana tace ruwa a kan idonka, ka ce ba ka sani ba?

Ɗalibar Tarihi: Yaya Ɗan Dako, akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. A lokacin likitoci kansu sun rabu biyu: ɓangaren Koch na cewa ƙwayar cuta ce ke yaɗuwa ta ruwa da masu ɗauke da ita, ɗaya ɓangaren bai yarda ba. Manyan jami'an lafiyar Hamburg mabiya Max von Pettenkofer ne, malamin da ke cewa cutar daga turirin gurɓatacciyar ƙasa da mugun iska take tasowa. Mutumin ya yarda da ra'ayinsa har ya kurɓi ruwa mai ƙwayar kwalara a gaban shaidu a watan Oktoban 1892, kuma bai mutu ba. Wanda ya gaskata wannan, in ya kalli lungu mai wari da danshi, da zuciya ɗaya zai ce ga mai laifi nan. Ashe ke nan ruɗewa ce, Baba, ba tsoron harbi ba.

Baba Mai Carbi: 'Yata, kin yi tambaya mai kyau, amma ki duba wane ra'ayi ne ya fi arha ga mai riƙe da shi. In aka bi Koch, sai a killace jirage, a tsare kaya, ciniki ya tsaya. In aka bi ɗayan, sai a share kwata a ci gaba da lodi. Birnin 'yan kasuwa ne ke mulkinsa, sai ga shi sun zaɓi malamin da bai taɓa musu tashar jirgi ba. Sun yi kwanaki suna jan ƙafa kafin su sanar da ɓarkewar cutar, a tsakanin nan jirage suka tashi zuwa New York da takardar shaidar lafiya, wasu fasinjojin suka mutu a teku. Mutum na iya gaskata abu da gaske saboda aljihunsa ya riga ya gaskata. A wurina wannan sani ne, sharaɗina ya cika. Sai dai na bambanta da Malam Mai Alli a wuri ɗaya: ruwa ba shi ne jakin ba. Ruwa ba ya harbi. Jakin shi ne tashar jiragen ruwa da masu cin moriyarta.

Mai Alli: To Baba, ka ƙwace mini jaki ka ba ni wani. Ci gaba muke saurare.

Ɗan Dako: Bari in tallafa wa Baba, don nan ne abin ya fi ci mini rai. Me ya tara mutane a lungunan tun farko? Har ƙarshen 1860 ana rufe ƙofofin birnin da dare, mai shiga bayan an rufe sai ya biya. Aikin tashar jirgi kuma na yini ne, ana ɗaukar mutum da asuba in jirgi ya iso, wanda ya makara ya kwana da yunwa. Dole lebura ya zauna inda ƙafarsa za ta kai shi bakin ruwa cikin 'yan mintuna. Masu filaye sun gane haka, sai suka cike kowace tsakar gida da ɗakuna.

Sannan rusau bai jira kwalara ba. Daga 1883 aka fara share tsibiran Kehrwieder da Wandrahm don a gina rumbunan ajiye kaya na Speicherstadt, inda ake tara kofi da shayi da kayan yaji ba tare da harajin kwastam ba. Kusan mutum 20,000 aka tasa, ba a gina musu ko ɗaki ɗaya ba. Masu hali suka koma bakin tafkin Alster, wasu suka tafi unguwannin Barmbek da Hammerbrook, sauran suka ƙara dannuwa a lungunan da suka rage. Wato cunkoson da Koch ya gani a 1892, hukuma ce ta ƙara masa nauyi shekara tara kafin nan.

Kuma ko bayan annobar ba a yi gaggawar rusau ba. Sai da leburorin tashar suka yi yajin aikin mako goma sha ɗaya, daga Nuwamban 1896 zuwa Fabrairun 1897, sannan aka ware unguwanni uku da za a rushe. Ni da za a bi tawa, wata karin maganar ta fi dacewa: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Hajiyar Asibiti: A'a, ƙanena, wannan kam ba ta shiga ba. Kurar gardi ita ce abin kallon, da ita ake tara kuɗin, kuma dabba ce da in an kwance ta za ta ci mutum. Ka mai da leburori kuraye ke nan, abin da masu rusau ɗin ma suke faɗa a kansu.

Ɗan Dako: Hajiya, ai ba halin kurar ake nufi ba, rabon wahala da riba ake nufi. Wa ya sauke buhunan kofin?

Baba Mai Carbi: Ku bar kura ta huta. Tana magana ne a kan wanda ya yi aiki wani ya ci, tamu kuwa a kan wanda aka hukunta ne a madadin wani. Ta Ɗan Dako ta dace da lada da kuɗin haya, ba ta dace da rusau ba.

Ɗalibar Tarihi: Abin da ke goyon bayan Baba shi ne abin da aka gina a gurbin lungunan. A tsohon gari an fasa babban titin kasuwanci na Mönckebergstraße, aka buɗe shi a 1909, jirgin ƙarƙashin ƙasa na bi ta ƙasansa. Kudu da shi aka yi unguwar ofisoshin kamfanoni, ciki har da ginin Chilehaus da aka gama a 1924. A inda aka sake gina gidajen kwana kuwa, kuɗin hayar ya fi ƙarfin yawancin waɗanda aka tasa. Masu filaye an biya su diyya. Ɗan haya ba shi da fili, saboda haka nasa shi ne ya ɗaure kayansa. In lafiyar mutanen ce damuwar, ai da su za a mayar cikin sababbin ɗakunan.

Hajiyar Asibiti: Wannan na ji. Amma ga abin da har yanzu ke hana ni sakin jiki da karin maganar. Taiki fata ce busasshiya, ba ta jin zafi. Mai dukanta hucewa kawai yake yi, ba wanda ya cutu. A nan kuwa mata ne da yara, da tsohuwar da ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa in haihuwa ta zo da dare, da mai kantin da ke ba da bashi har ranar biya. In kun kira su taiki kun rage nauyin abin da aka yi musu. Kuma ina nan kan bakata cewa jikokinsu da suka tashi a ɗaki mai taga da masai nasu sun fi tsawon rai.

Baba Mai Carbi: Hajiya, yaushe kika taɓa jin an faɗi maganar nan a kan fata? Kullum a kan mutum ake faɗinta. Maigida ya ɓata maka rai ka huce a kan yaronsa. Mai unguwa ya yanka haraji a zagi ɗan aiken da ya zo karɓa. Taikin ko da yaushe mai rai ne, kuma an zaɓe shi ne don ba ya ramawa. Abin da maganar ke tonawa shi ne ragwancin mai sandar. Batun ɗaki mai taga kuwa ba na jayayya da ke, sai dai ba kowa cikin waɗanda aka tasa ya kai ga tagar ba.

Mai Alli: To saura zango na ƙarshe. Babban yankin da ya rage a arewacin Neustadt, wato sabon gari, 'yan Nazi ne suka rushe shi bayan sun hau mulki a 1933. Unguwar matattarar 'yan kwaminis ce, kuma 'yan sanda ba sa son shiga lungunan da ba su san mafitarsu ba. A takarda an ce tsafta ce. Baba, nan ma jaki da taikin ne?

Baba Mai Carbi: A'a. Nan ba a bar kowa ba. Wanda aka nufa shi aka daka, tsaftar ce kawai aka yafa a sama. Kada ku ja maganar ta kai inda ba ta kai ba. Daga 1883 zuwa shekarun 1920 na ba ku ita, ta 'yan Nazi ku nemo wata.

Ɗalibar Tarihi: Bama-baman yaƙin duniya na biyu a 1943 sun cinye har da gidan da aka haifi mai tsara kiɗa Johannes Brahms a ɗaya daga lungunan a 1833, abin da suka bari kuma gine-ginen ofis na shekarun 1960 suka ƙarasa yawancinsa. Gidaje goma sha biyu da suka tsira a kusa da titin Valentinskamp an sayar wa wani kamfani, sai masu zane da mawaƙa kusan 200 suka shiga suka zauna a watan Agustan 2009, har birnin ya sake saye. Rumbunan Speicherstadt da unguwar Chilehaus kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Hajiyar Asibiti: Gidaje goma sha biyun nan, da famfo da masai a cikinsu yanzu ko? To ku tambayi masu zanen ko za su yarda a cire.

Ɗan Dako: Ba wanda ya ce a cire, Hajiya. Cewa muka yi tun 1893 ana iya sa wa lungu famfo mai tsafta ba tare da an kori mai kwana a ciki ba, kuma su waɗannan goma sha biyun ne shaida.